Tagwayen Faifai a Shagon Sabitu Mai Hoto

A garin Kurfi, da wuya a sami mutumin da ya haura shekara talatin wanda Malam Sabitu bai taɓa ɗaukar hotonsa ba, ko ya sani ko bai sani ba. Wasu ya ɗauke su ran suna, suna barci cikin tawul. Wasu ran saukar karatu, rawani ya fi ƙarfin kawunansu. Wasu kuwa ran da suka sayi keken farko, sun dafa sirdi suna hura hanci kamar waɗanda suka sayi jirgin sama. Ya koyi sana'ar a Katsina tun yana saurayi, a hannun wani dattijo da ya riƙe shi shekara uku, biyu daga ciki wankin kwanukan sinadari kawai yake yi. Da ya dawo gida sai ya kama shago kusa da kasuwa, ya rataya labule mai zanen bene da itatuwan kwakwa, ya sayi keke, daga baya babur, ya shiga zagaya ƙauyuka har Dabawa da Kuki a ƙasar Dutsin-Ma.

Ɗabi'u biyu aka san shi da su a wurin aiki. Ta farko, ba ya taɓa kyamara sai ya gama jera mutane tsaf: dogaye a baya, gajeru a gaba, mai hula ya gyara hula, mai tari ya gama tarinsa. Ta biyu, ba ya danna maɓalli sai ya kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, ya ji mai sunan ya amsa. Mutane kan ƙosa, rana na dukansu, murmushin da suka shirya ya bushe a baki, amma bai taɓa fasawa ba.

Ɗabi'a ta biyun tana da asali. Wata shekara aka kira shi Kuki ɗaukar hoton sunan tagwaye, Hassana da Husaina. Kamar yadda aka saba, an ɗaura wa Hassana jan zare a hannu don a riƙa bambanta ta da 'yar'uwarta. Ya ɗauki kowacce ita kaɗai, ya wanke hotunan, ya bi zare ya rubuta sunaye a baya da kyakkyawan rubutunsa, ya hau keke ya kai. Kakar jariran ta karɓa, ta nisanta hoton da idonta, ta matso da shi, sannan ta miƙa masa abinsa.

"Ɗana, wannan da ka rubuta wa Hassana ai Husaina ce."

"Inna, ga jan zare nan a hannunta."

"Zare ya kwance wurin wanka, mai wankan ta ɗaura wa wadda ta fi kusa da ita. Hassana tana da tawadar Allah a bayan kunnen hagu. Zare mu muka ɗaura, tawada kuwa da ita ta zo."

Ya koma Kurfi yana tuƙa keke yana jin kunya har cikin ƙafafunsa. Tun daga ranar ba ya ɗaukar kowa sai ya tabbatar da ko wane ne.

Bangon shagonsa ɗaya da na Tukur tela, wanda yake taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Shekara talatin da wani abu suna maƙwabtaka, ba a taɓa wayar gari ba su tsokani juna ba. Tukur kan ce Sabitu ya tsufa yana kama inuwar mutane yana sayar musu. Sabitu kan ce duk wandon da Tukur ya ɗinka, ƙafa ɗaya tana riga ɗayar isa masallaci.

Da wayoyin hannu masu kyamara suka cika gari, aikin ya ja baya. Kowa ya zama mai hoto, har waɗanda ke yanke wa mutane kawuna. Sabitu ya koma ga ƙananan hotunan fasfo na masu neman makaranta da katin shaida. Amma sai wani aiki ya ɓullo masa wanda bai nema ba. Mutum zai shigo shago, ya gaisa, ya yi ɗan jim, sannan ya ce, "Malam, ko kana da hoton mahaifina? Yarana ba su san fuskarsa ba." Sabitu ya buɗe akwatin ƙarfe ya yi ta tono, sau da yawa kuma ya samo. Bai taɓa jin daɗin sana'arsa kamar a irin wannan lokaci ba.

Sai wata damina gara ta shiga ɗaya daga cikin akwatunan ta ƙasan da ya yi tsatsa. Kafin a farga ta cinye hotuna da finafinan kyamara na shekara tara. Kwana uku Tukur bai tsokane shi ba, abin da ya nuna wa kowa girman rashin.

A nan 'yarsa Mardiya ta shigo cikin lamarin. Ita ce 'yar farinsa, ta karanci ilimin kwamfuta, tana aure a Dutsin-Ma, inda take da shagon gyaran kwamfutoci. Da yake 'yar fari ce, Sabitu bai taɓa kiran sunanta ba, saboda alkunya. Tana ƙarama "yarinyar nan" ce, da ta gama karatu ta zama "Injiniya". Ko tana tsaye a gabansa, bango yake duba ya ce, "A gaya wa Injiniya na'urar nan tana ƙara." Ita kuma ta danne dariya ta ce, "Za a gaya mata, Baba."

Shekara guda cur tana zuwa Kurfi duk Asabar da na'urar sikana, suna shigar da hotunan da suka tsira cikin kwamfuta. Da labari ya bazu, mutane suka riƙa sauko da tsoffin hotuna daga bangon ɗakunansu, su kawo a kwafa, su koma da abinsu. Aka tara hoto dubu goma sha ɗaya da 'yan kai, kowanne da sunan mai shi da unguwarsa. Finafinan da suka rage kuwa laima ta riga ta manne su, aka zubar. Duk wannan tari ya koma cikin faifan ajiya guda ɗaya, baƙi, wanda bai kai girman sabulun wanki ba, ana jona shi da kwamfuta da 'yar gajeriyar waya.

Sabitu bai sami natsuwa da haka ba. Wanda gara ta taɓa yi wa ɓarna ba ya yarda da akwati ɗaya. Mardiya ta ce ita ma tunaninta ke nan, ta sayo wani faifan a Katsina, iri ɗaya sak da na farko, launi ɗaya, girma ɗaya, kamfani ɗaya, sai dai babu komai a cikinsa. Za a kwafe na farko ɗungurungum a kan sabon, ɗaya ya zauna a Kurfi, ɗaya a Dutsin-Ma.

Kwamfutar shagon tsohuwa ce, don haka ta sa mata wata babbar manhaja mai suna Linux, wadda ba ta raina tsoffin injuna. Babbar manhaja ita ce uwargidan kwamfuta: duk abin da aka jona ita ke fara karɓarsa, ta gane ko mene ne, ta ba shi suna, sannan sauran manhajoji su san yadda za su kira shi. Ranar da aka kawo sabon faifan, Mardiya ta buɗe wata taga a fuskar kwamfutar wadda ke jera sunayen faifai. Na cikin kwamfutar an rubuta masa sda. Ta jona mai hotuna, sai ga sdb ya fito. Ta jona sabon, sai ga sdc.

Sabitu ya gyaɗa kai, don wannan tsari ne da ya sani tun yana yaro. Wanda ya fara fitowa Hassan, mai bi masa Husaini. Ya leƙa shagon Tukur ya tsinko jan zare ba tare da neman izini ba, ya ɗaura wa wayar mai hotuna.

"A gaya wa Injiniya, wannan shi ne Hassan, sdb."

"Yau dai haka ne, Baba," in ji ta, tana rubutu a bayan wani kwali.

Bai kula da "yau dai" ɗin ba. Layi ɗaya ta rubuta don tunatar da kanta, umarnin da za a ba kwamfuta, mai ma'anar a ɗebo duk abin da ke sdb a shimfiɗa shi a kan sdc. Ta yi bayani cewa irin wannan kwafi ba ya tambaya, ba ya tausayi. Kamar shafen farar ƙasa yake, duk abin da ya tarar a bango sai ya rufe shi. Idan aka juya, aka shimfiɗa marar komai a kan mai hotuna, to hotunan sun tafi. Aikin kuma yana cin awa uku, ga shi la'asar ta yi, mota ba ta jira.

"Kada a taɓa sai na dawo Asabar mai zuwa."

Asabar mai zuwa ta dawo Kurfi, amma ba shago ta zo ba. Cikin fari gare ta, ya tsufa, mahaifiyarta Hajiya Lauratu ta ce lokacin zuwa gida ya yi, ta kuma kafa doka cewa babu mai ambaton kwamfuta a gidan nan sai an yi arba'in. Bayan mako biyu Mardiya ta haifi 'ya mace lafiya lau. Gida ya cika da 'yan barka, da hayaƙin itacen dafa ruwan wanka, da ƙamshin kunun kanwa.

Sabitu ya yi murna, irin murnar kakan fari, wadda ake yi a ɓoye. Amma damina ta kankama, rufin shagonsa yana ɗiga a wuri biyu, kuma wata safiya ya ga siririn layin ƙasar gara yana hawa bangon baya. Ya kankare shi da takalmi, washegari ya dawo. Ya san gara ba ta cin ƙarfe da roba, amma sanin bai hana gabansa faɗuwa ba. Ya yi lissafi: ran suna, mijin Mardiya, Mutawakkil, zai zo da danginsa daga Dutsin-Ma. In an yi kwafin kafin nan, sai ya tafi da Husaini. In ba haka ba, sai bayan arba'in, damina ta ƙare a kan faifai ɗaya tilo.

Ana gobe suna, da hantsi, ya buɗe shago ya ɗauko kwalin nan. Layi ɗaya ne kawai. Shi da ya haɗa sinadarin wanke hoto cikin duhu shekara da shekaru, layi ɗaya zai gagare shi? "Kada a taɓa" kuwa ya ɗauke ta a matsayin irin maganar da yara ke gaya wa iyaye don kada su wahala.

Ya yi yadda ya saba. Ya goge tebur, ya jera faifan biyu kafaɗa da kafaɗa, ya jona wannan, ya jona wancan, ya miƙar da wayoyinsu, ya ja baya ya duba ko sun daidaita. Sai da kowa ya zauna a wurinsa sannan ya kunna kwamfuta. Ya sa tabarau, ya buɗe baƙar tagar da ake rubuta umarni, ya shiga kwafe layin harafi bayan harafi da yatsa ɗaya, harshensa a waje. Ya karanta sau biyu, bai ga kuskure ba. Ya yi bisimilla ya danna.

Kwamfuta ta ce a kawo kalmar sirri.

Kalmar sirrin tana rubuce a 'yar takarda da yake ajiyewa cikin naɗin hularsa. Ya cire hula yana lalube, daidai lokacin da Tukur ya leƙo, tef ɗin awo a wuya, goro a kunci.

"A'a, Sabitu, halan yau kwamfuta kake gaisarwa har da cire hula? Sarauta aka ba ta?"

"Koma ka ci gaba da ɓata wa mutane yadi. Aikin ilimi nake yi."

"Wane aiki?"

"Zan juye Hassan a kan Husaini."

Tukur ya shigo ya duƙa a kan teburin, ya dubi wannan, ya dubi wancan. "To, ka kira su sun amsa? Kai da ka tsayar da mu a rana ran auren ƙanena, kana kiran sunan kowa har da na jakin da ya ratso ta baya. Yau tagwaye guda a gabanka, babu kiran suna?"

Sabitu ya buɗe baki zai rama, sai ya tsaya. Suna cikin maganar ya riga ya rubuta kalmar sirrin, yatsansa yana kan maɓallin ƙarshe, a daidai yadda yakan tsaya a kan maɓallin kyamara. Kuma yatsan nan bai saba sauka ba sai an amsa. Ya janye shi a hankali.

Amma yaya ake kiran faifai ya amsa? Ya shafa sanƙo. Can sai dabara ta zo masa. Ya rufe baƙar tagar gaba ɗaya, ya buɗe wadda ke jera sunaye. Ga su nan su uku: sda, sdb, sdc. In ya zare mai jan zare, sunan da ya ɓace shi ne nasa.

"Hassan," in ji shi da muryar aiki, "sdb." Ya zare wayar.

Sdb yana nan daram. Wanda ya ɓace sdc ne.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Babu abin da ya canja. Da yatsan nan ya sauka, da yanzu farar ƙasa tana rufe fuskokin mutanen Kurfi ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana zaune yana jiran awa uku ta cika. Ya nemi benci ya zauna.

Daga nan sai ya juya kan taubashinsa.

"Tukur, ka ji tsoron Allah. Kai ka kwance zaren nan ka mayar wa ɗayan."

"Ni? Zaren da ka sata a shagona?"

"Shi ya sa. Ramuwa ka yi."

"Dubi ƙullin nan da kyau. Wane tela ne zai yi wannan ƙulli, kamar an ɗaure bakin buhun gawayi? Aikinka ne, mai hoto."

Ƙullin nasa ne, babu musu. Amma ai na Kuki ma an ɗaura shi da kyau. Suka shiga gwaji. Ya mayar da mai jan zare, ya fito a sdc. Ya zare duka biyun, ya fara jona mai jan zare, sai ga shi ya zama sdb. Ya sake zarewa, ya fara da ɗayan, sai ɗayan ya karɓe sunan.

Tukur ya riƙe ciki yana dariya. "Wanga Hassan naka ɗan siyasa ne. Da safe jam'iyya ɗaya, da rana wata."

Sabitu bai yi dariya ba. Yanzu bai yarda da suna ba, bai yarda da zare ba, ga abubuwa biyu baƙaƙe iri ɗaya a gabansa, ɗaya na ɗauke da aikin rayuwarsa. Ya kashe kwamfuta, ya sa ɗaya a aljihun dama, ɗaya a na hagu, ya kulle shago. Tukur ya bar wandon wani a ƙarƙashin allura ya bi shi, ya ce wannan shari'a ba za a yanke ta ba ya nan.

Sun tarar da Hajiya Lauratu a ƙofar ɗakin mai jego, tana tankaɗen garin kunu. Labule a sake. Ta dubi aljihunan mijinta ta gane.

"Malam, me muka ce game da kwamfuta?"

"Ba kwamfuta ba ce, Hajiya. Faifai ne."

"Yarinya ta yi wankan jego da safe, yanzu ta samu ta kwanta. Ko Gwamna ne ya zo da faifai, sai bayan arba'in."

"Tambaya ɗaya ce. A gaya wa Injiniya Hassan ya zama Husaini."

Hajiya ta ajiye rariya. "Wane Hassan? Mace aka haifa, guda ɗaya. Malam, lafiyarka kuwa?"

"Lafiyarsa ƙalau, matar yaya," in ji Tukur daga bakin zaure. "Tsufa ne kawai, ya daɗe yana tafe."

Daga bayan labule sai aka ji murya, a firgice: "Baba! Ka danna?"

Sabitu ya dubi bangon tsakar gida. "A gaya mata ban danna ba. Saura ƙiris."

"Alhamdu lillahi. Inna, don Allah ki bar shi, minti biyar. In ban ji ƙarshen maganar nan ba, barcin ma ba zai yiwu ba."

"Biyar," in ji Hajiya, ta ɗaga yatsu biyar masu gari. "Ina ƙirgawa."

Sabitu ya ba bango labarin duka. Mardiya ta saurara, ta tambaya ko ya jona su ne kafin ya kunna kwamfuta. Ya ce ƙwarai, ai ba a fara aiki sai kowa ya zauna.

"To, a nan matsalar take, Baba. Sunayen nan ba na yanka ba ne. Ka san tashar motar Dutsin-Ma? Direban da ya fara isowa da safe shi ne na ɗaya a layi, mai bi masa na biyu. Gobe in wani ya riga shi, wancan ne na ɗaya. Haka kwamfuta take yi duk lokacin da aka kunna ta. Tana bin ƙofofinta tana dubawa, faifan da ya fara amsa mata ta ba shi harafin farko da ba kowa a kai, na gaba ta ba shi mai bi. Ba ta tuna na jiya. Ranar nan ni na fara jona mai hotuna, shi ya sa ya sami b. Yau ka tashe su tare, suka yi tsere, sabon ya riga shi."

"Wato Hassan na yau daban, na gobe daban," in ji Tukur. "Da haka ake yi wa mutane, da na daɗe da zama yayanka, Sabitu, don kullum ina riga ka buɗe shago."

"A tambayi Injiniya," in ji Sabitu, bai ko kalle shi ba, "in layi yana canjawa, yaya ake gane mota?"

"Da lambarta, Baba. Juya bayan faifan. Akwai 'yar farar takarda da doguwar lamba, daga masana'anta ya zo da ita, kuma tana rubuce har a cikinsa, kwamfuta tana iya karantawa. Babu faifai biyu masu lamba ɗaya. Na rubuta ta mai hotuna a wayata. Tana ƙarewa da huɗu, ɗaya, bakwai, biyu."

Sabitu ya fito da mai jan zare ya juya shi. Rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kiyashi, ko da tabarau bai gani ba. Dole ya miƙa wa Tukur, wanda har yanzu yake zura zare a allura ba tare da gilashi ba. Tukur ya karɓa, ya yi gyaran murya, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya tauna goro.

"Tukur!"

"Huɗu," in ji Tukur. "Ɗaya. Bakwai." Ya tsaya ya tofar da tuƙar goro. "Biyu. Sai a ba ni haƙuri a gaban shaidu."

Sabitu ya sauke ajiyar zuciya. A Kuki zare ne ya yi ƙaura, suna yana nan. A nan zare yana nan, suna ne ya yi ƙaura. A duka biyun, abin da aka zo da shi daga farko ne ya raba gardama.

"Tawadar Allah," ya faɗa a hankali.

"Saura minti ɗaya," in ji Hajiya.

Mardiya ta sa aka karanto mata lambar ɗayan, ta nemi biro. Ta ce ban da gajerun sunayen layi, manhajar tana ajiye wa kowane faifai wani dogon suna da ta gina daga lambarsa, wanda ba ya canjawa ko wa ya riga wa. Ta sake rubuta umarnin da dogayen sunayen, a bayan takardar maganin asibiti. Hajiya ta karɓo ta bayan labule ta miƙa wa mijinta da yatsu biyu.

"Kuma Baba, a daina fizge musu waya haka kawai, ba sa so."

"A gaya mata an ji."

Sabon layin ya ninka na farko tsawo sau uku. Tukur yana karantowa, Sabitu yana dannawa, suna gardama a kan kowane harafi. Da suka gama, Sabitu ya juya faifan biyu rigingine, ya sa Tukur ya karanta lambar kowanne da ƙarfi, shi kuma yana bin ta da yatsa a fuskar kwamfuta. Kowa ya amsa sunansa. Sannan yatsan ya sauka.

Ana cikin awa ta biyu hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Suka tara bokiti a wuri ɗaya, kwanon sha a ɗayan, Sabitu ya buɗe laima a kan tebur ya riƙe da hannunsa har aka gama. Bayan la'asar kwamfuta ta ce aiki ya kammala. Ya kashe ta, ya ajiye mai jan zare a gefe, ya jona sabon shi kaɗai, ya kunna. Hotuna suka jeru. Ya gangara har ya sami na Kuki: jarirai biyu cikin tawul, da sunayensu a ƙasa, daidai wannan karon. Ya miƙa wa Tukur goro biyu. Tukur ya ce ya karɓi ɗaya a matsayin haƙuri, ɗaya kuma a madadin zare.

Washegari aka raɗa wa jaririya suna Jannat. Da yamma Mutawakkil ya durƙusa ya yi sallama da surukinsa, aka ba shi wani ƙunshi da aka naɗe da leda uku da tsohon rawani, aka ce ya riƙe a cinya har Dutsin-Ma, kada ya sa a but, kuma in ya isa ya ajiye a sama, nesa da bango.

Kafin baƙi su watse, Sabitu ya ɗauko kyamara. Ya jera mata a tsakar gida, dogaye a baya, gajeru a gaba, mai jego a tsakiya da jaririya a hannu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kira suna amsawa, har da Jannat, wadda kakarta ta amsa a madadinta. Da ya zo kan ta tsakiya sai ya ɗaga kai ya dubi katanga.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

Ya danna.